Jawabin Taron Ƙungiya: Ribarmu a Hanya Take Zubewa

 

Kusan duk abin da muke sayarwa a kasuwar Wunti daga wani gari ake kawo shi. Atamfa da shadda daga Kantin Kwari, sukari da sabulu daga kasuwar Singa a Kano, dankalin Turawa kuma daga Filato. Lokacin da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuɗin mota ya bi ta. To jama'a, kafin kaya su iso shago, hanya ta riga ta ci rabonta.

Ku duba yadda muke yi. Mutum goma kowa ya tashi da kansa zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 300. Kowa ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya biya 'yan dako, ya rufe shago kwana guda ko biyu. Da yake katan biyar ko shida zai ɗauka, dila ba zai yi masa ragin da yake yi wa mai cika mota ba. A haka jari yake ƙarewa, mai shi bai ankara ba.

Kakanninmu fatake ba haka suka yi ba. Masu zuwa Gwanja sarin goro ayari guda suke tafiya, madugu na gaba, shi ke yin magana da sarakunan hanya a kan kuɗin da za a biya, a madadin kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ƙungiya tana ba da shawara uku. Na farko, masu sayar da kaya iri ɗaya su haɗa kuɗin sari, su wakilta amintattu biyu, a ɗauki mota ɗaya. Na biyu, kowane shago ya ajiye littafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da aka bayar. Da littafin nan ne za ka gane kayan da ke tafiya da waɗanda suka kwanta, ka kuma aika saƙon sari tun kafin kanta ta zama fayau. Na uku, duk kuɗin da aka tura ta banki a karɓi shaida, wakilai su dawo da rasit a karanta gaban kowa. Sabo da maza jari ne, amma rubutu shi ke hana zargi.

Wanda ya amince, ya ba sakatare sunansa da irin kayansa kafin mu watse, don mu gwada da tafiyar farko a wata mai kamawa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum.