Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya: A Karanto Mana Lissafi

 

A ƙungiyar nan, ko naira ɗari ce ta fita, sai ma'aji ta karanto a gaban kowa. Shi ya sa adashenmu bai watse ba. To, kuɗin gwamnati fa, wa ke karanto mana?

A shekarar 2018, Sanata Shehu Sani, mai wakiltar Kaduna ta Tsakiya a lokacin, ya fasa ƙwai. Ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata, wai kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi, kuma ya nemi a soke su. Lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. Mu da muka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, mun buga mun gani: kuɗin ofishin mutum ɗaya, albashin ma'aikata 750 ke nan! Sanatocin kuwa su 109 ne.

An soke? Ina! A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya ce abin ya kai miliyan 21. Ga mu nan muna sayen safar hannu da kanmu in za a haihu a asibiti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan majalisa ɗaya in ya yi magana, sai mun mara masa baya. Saboda haka, duk wanda ya zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, mu tambaye shi: nawa kake karɓa, nawa za ka rage?

Allah ya ƙara haɗa kanmu.