Kada Ku Goge Ƙura a Bushe

Yau maganar fentin mota za mu yi, musamman ku masu baƙar mota da shuɗiya mai duhu. Kun wanke ta tas, amma da rana ta haska bonet sai ku ga siraran zane zobe-zobe sun dusashe sheƙin. Wasu su ce ai fentin ne ya tsufa. A'a, hannunmu ne ya yi aikin.

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne, kuma na saman, wanda ba shi da launi, shi ke ba da ƙyalli. Kaurinsa kusan rabin takardar rubutu ne kawai. Ita kuwa ƙurar hunturu da iska ke kwaso mana daga Sahara, har daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga Nuwamba zuwa wajen Maris, tana da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Idan ka ɗora busasshen tsumma a kanta ka murza, samfefa ka sa wa motarka.

Haba Alhaji! Kullum da safe ka miƙa wa yaro tsohuwar singileti ka ce ya kakkaɓe mota, ya goge taya da ita, ya dawo kan ƙofa. Sannan ka zo kana faɗa da mai fenti? Ku ma yara masu rubuta "wanke ni" da yatsa a jikin motar mutane, ku bari, wannan rubutun yakan bar tabo.

Ga yadda ake yi. A kai mota inuwa, jikinta ya huce. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. A wanke daga sama zuwa ƙasa, taya ta zo ƙarshe da sosonta daban. Sabulun mota za a sa, domin garin sabulun wanki yana cinye man kariyar da aka shafa. A tsane da tawul mai laushi irin na maikrofaiba, in ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki sai an wanke shi.

Zanen da ya riga ya fito fa? Ja farcenka a kai a hankali. In farce ya maƙale, ya yi zurfi, wannan sai masu fenti. In bai maƙale ba, sayi man folish mara kaifi, ɗiga kaɗan a soso mai laushi, gwada a wuri kamar tafin hannu, ka goge ka haska da tocilan. Ya yi kyau, sai ka ci gaba kaɗan-kaɗan, ka rufe da wakis, wato man kariyar nan. Shi wakis ɓoye zane yake yi, folish kuwa cin fentin yake yi har ya daidaita, don haka ba abin yi kowane wata ba ne. Injin goge mai juyawa, in ba ka iya ba, bar wa gwanaye, kada garin neman gira a rasa ido.

Amma duk wannan wahalar banza ce in gobe da safe singiletin nan ta dawo. In babu ruwa, ku bar motar da ƙurarta, ba abin kunya ba ne.