Gida Mai Ƙarko da Sanyi: Ilmin Gini da Hikimar Magina a Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Babu wani abu da ma'aikaci yake kashe wa kuɗi a duk rayuwarsa kamar gidan zamansa. Sau da yawa tanadin shekara 20 ko 30 ne, har da kuɗin sallama, ake zubawa a fili guda, kuma in an yi kuskure a nan, 'ya'ya da jikoki ne za su gāji wahalarsa. Duk da haka, a sababbin unguwannin garuruwan arewa ana ganin gidaje masu tsada waɗanda ba a iya barci a cikinsu a watan Afrilu sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ga bango ya fara tsagewa kafin gidan ya cika shekara 10. Alhali kuwa a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram akwai soraye na ƙasa da suka haura shekara 100, mutum ya shiga da tsakar rana ya ji sanyi ya ratsa shi.

Wannan lacca za ta duba abubuwa uku: yadda zafi yake shiga ɗaki, yadda ruwa yake cin gini, da kuma matakan da ya kamata mai gini da hukuma su ɗauka. Maganar ta zama ta gaggawa, domin zafi yana ƙaruwa: a watan Afrilu na 2024 ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, kuɗin shayar da janareto ya fi ƙarfin mai matsakaicin albashi.

Yadda zafi yake shiga ɗaki

Kano tana kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya. Sabo da haka a lokacin bazara rana takan tsaya kusan a tsakar kai, watau rufi ne yake ɗaukar mafi yawan zafinta. Da tsakar rana, in sama ta washe, kowace murabba'in mita ɗaya ta rufi tana karɓar ƙarfin rana kimanin wat 1,000. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4 ke nan yana ƙarƙashin zafin da ya yi daidai da dutsen guga na lantarki guda 16 a kunne. Kwano siriri ne ƙwarai, ba ya riƙe zafi, ba ya kuma tare shi. Nan da nan yake ɗauka har ya wuce digiri 60, sa'an nan ya feso shi a kan mutanen da ke ƙasa. Kwanon da ya tsufa ya yi duhu yana shanye kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ya sauka a kansa, farin rufi kuwa kashi ɗaya cikin uku ne ko ƙasa da haka.

Bangon ƙasa mai kauri yana da wata ɗabi'a dabam. Zafi yana ratsa shi a hankali, kamar yadda ruwa yake tsattsafowa daga randa. Bango mai kaurin santimita 40 yakan jinkirta zafi kimanin awa 10 zuwa 12. Zafin ƙarfe 2 na rana ba zai iso cikin ɗaki ba sai wajen tsakar dare, ya kuma iso da rauni. Wannan dabara tana aiki ne a ƙasar da rana ke da zafi dare kuma ke da sanyi, irin ƙasar Hausa. A lokacin hunturu bangon yakan mayar da ɗumin rana da daddare, lokacin da ake bukatarsa. Amma akwai sharaɗi: a bazara lalle ne iskar dare ta sami hanyar ratsa ɗaki ta kwashe zafin da bango ya tara, in ba haka ba ɗakin zai zama tanderu kafin asuba. Shi ya sa mutanen da suke kwana a tsakar gida ko a kan soro a wannan lokaci.

Sai kuma fuskar gini. Bangon gabas da na yamma su ne rana take duka kai tsaye da hantsi da la'asar, lokacin da ta yi ƙasa har inuwar rufi ba ta iya kāre su. Bangon kudu da na arewa kuwa rana tana bisa sosai in ta fuskance su, ƙaramar baranda ta isa ta yi musu inuwa. Ke nan ya kamata tsawon gida ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su dubi kudu da arewa. Wannan ba ya ƙara ko kwabo a kan kuɗin gini, sai dai yana bukatar a yi tunaninsa tun ranar da ake yanka filaye.

Hikimar magina

Maginan Hausa ba su rubuta waɗannan ƙa'idoji da lissafi ba, amma aikinsu ya nuna sun san su. Sukan zaɓi birji, su cuɗa shi da ruwa da ciyawa, su bar shi ya kwana ya ruɓa, sa'an nan su mulmula tubali a shanya a rana. Sukan fara bango da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, domin nauyi ya zauna daidai. Rufi kuwa azara ce, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita 2, don haka suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara daki-daki a cikin ƙasa, a lanƙwasa ta har ta haɗe a sama. Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), shi ne babban misalin wannan gwaninta. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tana tsaye tun gyaran da aka yi mata a 1844. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacinsa na ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986.

Domin tsare ruwa, suna da makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Zaure da tsakar gida da bishiyar inuwa duk suna da rabonsu wajen sanyaya gida.

Amma ya kamata a faɗi rauninsa. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyara kusan kowace shekara kafin damina, kuma gayyar da ake yi a dā don wannan aiki ta ragu. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Ƙananan tagogi suna hana haske da iska. Rufin ƙasa yana da nauyi, in ya jiƙe aka yi sakaci yakan rufta da mutane. Waɗannan dalilai ne na gaskiya da suka sa jama'a suka koma ga bulo da kwano, ba son burga kaɗai ba.

Yadda ruwa yake cin gini

Ruwa shi ne babban abokin gābar kowane gini, na ƙasa ne ko na siminti, kuma ta hanya uku yake zuwa. Ta farko daga sama. In ruwan shekara ya kai milimita 800, kamar yadda yakan yi a yankin Kano, rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 80,000, watau cikin duro 400. In wannan ruwa duk a gindin bango yake sauka, ba abin mamaki ba ne harsashi ya zaizaye. Ta biyu daga gefe: hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ya sa bangon gabas ya fi saurin lalacewa, ya kuma fi bukatar yaɓe mai kyau. Ta uku daga ƙasa: laima tana hawa cikin bango kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, tana ɗauke da gishirin ƙasa wanda yake ɓarɓasar da filasta da fenti.

A ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Jigawa, gidajen ƙasa da yawa sun rushe ne daga gindi, domin ruwa ya kwanta a jikinsu kwana da kwanaki. Siminti ma bai tsira ba. In kankaren da ya lulluɓe rodi ya yi siriri, laima takan kai ga ƙarfen, ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙi daga ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Haka nan a yankin tafkin Cadi akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, wadda take tsaga gini in ba a yi mata harsashi na musamman ba.

Haɗa tsohon ilmi da sabo

Hanya mafi dacewa ita ce a riƙe ƙasa a gyara rauninta. Tun cikin shekarun 1950 aka ƙera a ƙasar Kolambiya wani injin hannu mai suna CINVA-Ram, wanda yake matse ƙasa ta zama bulo. In an gauraya jar ƙasa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, aka matse, aka rufe shi ana yayyafa masa ruwa, akan sami bulo mai jure ruwa wanda ya riƙe ɗabi'ar ƙasa ta jinkirta zafi. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta yi aiki a kan irin wannan bulo da injinan buga shi. A garin Dandaji na Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu da shi a 2018. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bangon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin domin iska ta riƙa ratsawa tsakaninsu. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker. Tun 1980 kuma ake koyar da magina a Nijar rufin tulluwa da baka na tubali zalla, wanda ba ya bukatar itace. Rage siminti riba biyu ne, domin sai an ƙona duwatsu a zafin digiri 1,450 ake samunsa, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ake fitarwa a duniya, wadda ke ɗumama ta.

Shawarwari ga mai gini

1. A duba fili da damina kafin a saya, a ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya.

2. A gwada ƙasa. A zuba ta a kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ta kwanta. Yashi zai zauna a ƙasa, yumɓu a sama. Ƙasar da yumɓu ya yi mata yawa takan tsage, wadda yashi ya yi mata yawa takan marmashe.

3. A yi harsashi da dutse ko kankare, a ɗaga daɓe aƙalla santimita 30 bisa ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta don tare laima kafin a ɗora bango.

4. A bar rufi ya zarce bango da kamar santimita 60, a shafa masa farin fenti, a sa silin, a bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano.

5. A sa tagogi masu fuskantar juna, da raga ta sauro, don a iya barinsu a buɗe da daddare.

6. Kada a tsuga ruwa a kwaɓin kankare, kuma a shayar da shi aƙalla kwana 7, domin sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa. A guji bulon da yake marmashewa a hannu. Araha ba ta ado.

7. A dasa itatuwan inuwa a gabas da yamma, nesa kaɗan da harsashi saboda saiwa.

Kammalawa

Nijeriya tana da dokar gine-gine ta ƙasa tun 2006, da kuma ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta 2017, amma doka ba ta aiki sai da jami'in da ya fahimci dalilinta. Ma'aikacin da yake yanka filaye shi yake yanke wa gidaje ɗari fuskar da za su duba. Wanda yake amincewa da zanen makaranta ko asibiti shi yake yanke ko yara da majinyata za su wuni cikin tanderu. Muddin gwamnati ba ta gina nata ofisoshi da bulon ƙasa ba, talaka zai ci gaba da ganin ƙasa alamar talauci ce, banki kuma ba zai ba da rance a kanta ba.

Ɗalibai kuwa aikinsu a bayyane yake. Tsofaffin magina da suka san haɗin laso da ɗaurin guga suna ƙarewa. Ya kamata a je gare su da littafi da ma'aunin zafi, a rubuta abin da suka sani, a auna shi a ɗakin gwaji, a tace na tacewa, a mayar wa jama'a da shi a siffar da za su iya saye su kuma iya gyarawa. In an yi haka, ma'aikacin da ya yi ritaya zai shiga gidan da zai kwana a cikinsa lafiya ko da wuta ko babu, ya kuma bar wa magadansa gini mai tsayuwa.