HAKKIN MA'AIKACIN ƘARAMAR HUKUMA IN AN TUHUME SHI



'Yan'uwanmu da yawa mazauna Agege da Obalende da Sabon Ibadan da Shagamu suna cin abinci a ƙananan hukumomi, wasu masu gadi, wasu direbobi, wasu masu sharar kasuwa. Sau da yawa akan sallami mutum, ya kwashe kayansa ya koma gida shiru, yana cewa ai baƙo ba ya ja da ɗan gari. To, rashin sani ya fi dare duhu.

Tun gyaran da aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi a 1976, wanda ya kawo ƙarshen zamanin En'e, aikin ya koma bisa ƙa'ida rubutacciya. Ma'aikaci mai mataki na 07 zuwa sama, horonsa yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha. Na mataki 01 zuwa 06 kuwa, kwamitin ƙananan ma'aikata na ƙaramar hukumarsa ne yake duba maganarsa. Ke nan faɗar shugaba da baki ba ta isa kora ba.

Matakin farko shi ne takardar tuhuma, wadda za ta bayyana laifin, ta kuma ba da wa'adin amsa. Kada ka ƙi karɓa, kada ka bar wa'adin ya wuce. In ba ka iya Turanci ba, nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka, ya rubuta amsa, ka ajiye kwafi. Kada kuma ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Idan an kafa kwamitin bincike, kana da ikon jin abin da ake zarginka da shi, ka kare kanka, ka kawo shaidu. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana yanke wa mutum hukunci ba a saurare shi ba, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali.

In hukunci ya fito, ko gargaɗi ne, ko rage muƙami, ko kora, ƙofa ba ta rufe ba. Rubuta takardar ɗaukaka ƙara zuwa ga hukumar jiha, ka sanar da ƙungiyar ma'aikata ta NULGE. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba ta karɓar ko kwabo, amma tana son kuka ya iso cikin wata 12. In duk wannan bai yi ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C ya ba ta ikon shari'un aiki. A 1981, cikin shari'ar Shitta-Bey, Kotun Ƙoli ta ba da umarni a mai da ma'aikacin gwamnati bakin aikinsa, don an cire shi ba bisa ƙa'ida ba.

Sai dai wannan kariya ta fi ƙarfi ga mai takardar ɗaukar aiki. Wanda yake aiki shekara da shekaru ba takarda a hannu, ya fara neman wannan tun gobe. Mu kuma tsare aikinmu da gaskiya, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Allah ya tsare mana mutuncinmu. Wassalam.