Jawabin Yaye Matasa Masu Kula da Na'urar Auna Gurɓacewar Ruwa

     

Matasan da ake yayewa yau sun koyi sana'ar da ba ta da yawan magoya baya, domin mai yin ta ba ya haƙa rijiya, ba ya kafa famfo. Aikinsa shi ne ya tabbatar cewa na'urar da ke auna gurɓacewar ruwa tana faɗin gaskiya.

Ƙasar arewacin Kano ta san darajar ruwa. Marigayi Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauko shirin madatsun ruwan da ake cin gajiyarsu har yau: Thomas a wajen Dambatta, Watari a Bagwai, Gari, da Jakara a Wasai ta Minjibir. Sai dai ƙasa ce da gona ke manne da gona, da wuya a ga saura. Ruwan farko yana sauka, sai ya kwashi ƙasar da aka yi wa sharar gona, da taki, da kashin dabbobi, ya zuba su cikin dam. Ruwan da yake garau a watan Maris, kafin Agusta ya koma ja. Na Wasai kuwa matsalarsa ta zarce laka, tunda kogin Jakara ta cikin birni yake ratsowa, yana ɗauke da dattin kwatoci da na masana'antun Bompai.

Ido yana ganin jan ruwa, amma ba ya iya kimanta shi. Na'urar tana harba haske cikin 'yar kwalbar da aka cika da ruwa, wani ido a gefe yana auna hasken da ƙwayoyin laka suka watsa, sai ta ba da lamba da ake kira NTU. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta ce kada lambar ta wuce 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ta sauka ƙasa da 1 kafin a zuba kulorin, domin ƙwayoyin cuta suna fakewa cikin laka, magani ya kasa cim musu. Da wannan lambar ce mai tace ruwa ke sanin yawan alif da zai zuba. Ta yi ƙarya ta sama, a yi asarar alif da kuɗi. Ta yi ƙarya ta ƙasa, a tura wa gari ruwan da bai tsarkaka ba. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta ci rayuka sama da 3,000 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

To, me ke sa na'ura ƙarya? Abubuwa ne da ba su taka kara sun karya ba. Shatin yatsa a jikin kwalba ya isa. Ƙurar hunturu ta isa. Idan aka ɗebo ruwa mai sanyi da rana tsaka, kwalbar ta yi gumi, wannan ma na'ura laka take ɗaukarsa. Shi ya sa malaman waɗannan matasa suka matsa musu: a ɗauraye kwalba da ruwan da za a auna, a riƙe ta ta murfi, a goge ta da ƙyalle mai laushi marar zare, a shafa ɗigon man silikon don ya rufe ƙananan ƙarzuna, a jira kumfa ta kwanta, sannan a saka ta ta fuskar da aka yi wa alama. Na'urar da ake nitsarwa cikin dam ko tanki kuma, gansakuka ce ke rufe mata ido, kuma ba a kankare ta da yashi ko soson ƙarfe. Wanda ya yi haka don neman tsafta, ya makantar da ita ke nan har abada.

Bayan wanki sai saiti. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Dawanau ya san cewa mudun da aka bubbuga gindinsa yana nan kamar mudu, amma awonsa ba daidai ba ne. Ita ma na'ura, da zafi da tsufan fitilarta, a hankali take kaucewa. Ana mayar da ita hanya da wani farin ruwa mai suna fomazin, wanda aka san lambarsa tabbas. Uwarsa 4,000 ce, ana sirka ta zuwa 20, 100 da 800, a gwada na'ura da kowanne. Masu ƙera irin waɗannan na'urori kan ba da shawarar yin haka duk wata uku, a rubuta rana da sakamako a littafi. Fomazin da aka sirka ba ya jimawa, wanda ake sayarwa a rufe kuma yana da ranar lalacewa, ba a ajiye shi a rana.

A nan ne maganar ta dawo kan manya. An saba a sayi na'ura mai tsada, a ɗauki hoto ranar miƙa ta, a manta da kuɗin batir da ruwan gwaji. Bayan shekara a same ta cikin kabad, ko kuma, abin da ya fi muni, a same ta tana aiki ba saiti, ana cika takarda da lambobin da ba su da tushe.

Saboda haka ana roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da hukumar ruwa su ware wa waɗannan kayayyaki kaso a kasafin kowace shekara, su kuma ɗauki waɗannan matasa aiki kafin damina ta faɗi. Ana roƙon iyayen ƙasa su tsaya musu ranar da lambar da suka kawo ba ta yi wa wani daɗi ba.

Ɗalibai, Allah ya sa albarka a abin da kuka koya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.