Kukan ɗan haya kafin bango ya faɗi



Ruwan saman da ya sauka a garin Sabha na ƙasar Libya cikin Satumba 2024 ya tona asirin gidaje da dama. Garin hamada ne, ba a gina shi don ruwa ba. Rufi ya yi yoyo, bango ya tsage, wayar lantarki tsirara ta kwanta cikin ruwa a tsakar gida inda yara ke wasa. Ɗan haya, balle baƙo daga Nijar ko Najeriya, yakan haɗiye kukansa, don tsoron kada a ce ya kwashe kayansa.

A wannan wata na Satumba 2024 ne kuma aka fitar da rahoton ƙarshe kan gobarar benen Grenfell a Landan, gidan ƙaramar hukuma mai hawa 24. Ranar 14 ga Yuni, 2017, wuta ta tashi daga firij a hawa na huɗu, ta bi rufin da aka lulluɓe bangon waje da shi. Mutum 72 suka rasu. Abin da ya fi ci mini rai, mazauna benen sun daɗe suna gargaɗi, aka mayar da su masu neman fitina. Rahoton ya ce duk mace-macen nan ana iya kauce musu.

Mai gida, hukuma ce ko ɗan kasuwa, in ɗan haya ya ce bango ya tsage, ka tashi ka je ka gani da idonka. Ku kuma 'yan haya, ku haɗa kai, ku rubuta kokenku, ku ɗauki hoto, ku ajiye kwafi.