Baƙuwar Turai a bishiyoyin Legas



Daga watan Oktoba zuwa Maris, akwai baƙuwar da ke sauka a Legas ba mai tarbarta. 'Yar tsuntsuwa ce da Turawa ke kira willow warbler. Nauyinta kusan giram 10 ne kawai, amma daga Turai take tasowa, ta ƙetare teku da Sahara, galibi cikin dare.

Mutanenmu na Abule Egba da Agege, in kun leƙa lambun Ndubuisi Kanu a Alausa da sassafe, ku ɗaga kai. Bayan tsuntsuwar kore-kore ne, ƙirjinta na da ɗan rawaya, ga farin layi bisa ido kamar gira. Ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana tsintar ƙwari a ganye.

Sai dai a kula. Tana da 'yar'uwa, chiffchaff, mai kama da ita sosai, wadda ta fi tsayawa can Arewa, yankin Sahel. Ƙafa ce ke raba gardama: ta baƙuwarmu haske gare ta, ta 'yar'uwar baƙa ce, kuma 'yar'uwar tana yawan kaɗa jela ƙasa. Wanda ya ce ya ga chiffchaff a Ikeja, to lallai ya kawo hoto.